Ranar da Baba Ya Tafi Gona

Asabar, hantsi

An sa rana. Ba ta aure ba, wannan mun wuce ta bara. An sa ranar da Malam zai kare bincikensa na digiri a gaban manyan malamai: Larabar ƙarshen watan nan.

Farfesansa ya kira shi jiya bayan masallaci. Ya ce tunda hanya ta zama yadda ta zama, ba sai ya bar Bagudo ba, ta kwamfuta za a yi, malamai uku suna kallonsa, ɗaya ma mace ce daga ƙasar waje. Ya kuma ce wannan ce dama ta ƙarshe. Sau biyu ana ƙara masa lokaci, dokar jami'a ba ta san na uku ba. Idan Larabar ta wuce, shekarun da ya yi yana koyarwa da rana yana lissafi bayan asuba sun bi ruwa.

Amma ba za ta wuce ba. Na riga na ga komai: shi cikin farar shaddarsa, ni a bayan labule, sai a ce masa Dakta, sai ya waigo. A littattafan da nake karantawa, a nan ne jarumar take zubar da hawaye guda ɗaya tak. Ni na san kaina, har da majina za a yi.

Muhsin. Ga shi na rubuta sunan. Ba wanda ya gani.

Lahadi, bayan azahar

Yau na tsare shi. Na ce ba zai yiwu a kira mijina Dakta ba, mata su tambaye ni Daktan me, in ce oho. Ya yi dariya ya ajiye biro, ya ɗauko lemun tsami biyu daga kwandona da ƙwayar gyaɗa ɗaya.

Ya ce iskar nan da ake kira haidirojin, kowace ƙwayarta biyu ce a haɗe, kamar an ɗaure su da roba, su matso su ja baya.

Na ce, "Tagwaye ke nan."

Ya ce, "To, tagwaye. Wannan gyaɗar kuma ilektiron ce, ɗan mitsitsin abin nan da ke gudu a wayar lantarki. Tana zuwa ta faɗa musu."

"Baƙo."

"Munawwara, lissafi ne."

"Na ji. Sai baƙon ya yi yaya?"

Ya ce baƙon yakan manne musu, amma na ɗan lokacin da ƙiftawar ido shekaru ce a kansa. Da ya manne, ɗaurin tagwayen sai ya saki, su fara rabuwa. Daga nan tsere ne. Idan suka yi nisa da juna kafin baƙon ya gudu, to ya makara, dole ya bi ɗaya daga cikinsu. Wannan da ya tafi goye da baƙo shi ne ayon mai negatif, wato ƙwayar da ta ɗauki ilektiron fiye da rabonta. Idan kuwa baƙon ya riga su, shi ke nan, kowa ya koma yadda yake.

Na tambaya wa ya fi cin tseren. Ya ce baƙo, kusan kullum. Sai fa in ya tarar da tagwayen dama suna rawar jiki sosai, robar tana miƙewa har kamar ta tsinke. A nan damar kama shi takan ninka fiye da sau dubu goma. Kuma sai baƙon ya zo a hankali. Mai zuwa a guje ba ya zama, har ma yakan kakkaɓe wanda wani ya goya.

Na ajiye tsintar shinkafa. Na ce wallahi wannan littafi ne. Gida yana zaune lafiya, baƙo ya zo ya wuce. Sai gidan da zuciya ke bugawa.

Ya ce in daina. Amma ya ƙara mini: akwai wata haidirojin mai nauyi, ya ɗauko lemun zaƙi biyu ya nuna. Su da yake jikinsu da nauyi, rabuwarsu da jinkiri, baƙo yakan tsere musu fiye da na ƙananan. Aikinsa duka shi ne lissafin tseren nan, musamman idan tagwayen suna rawar jiki kuma suna juyawa kamar katantanwa. Masu ƙera injinan da ake fatan wata rana su ba da wuta irin yadda rana take bayarwa suna bukatar ayon ɗin nan da yawa, shi ya sa.

Shinkafar ta yi tsakuwa. Ya ci abinsa haka.

Talata, la'asar

Babu sabis tun safe.

Laraba, la'asar

Yau ma babu. An ce ba lalacewa ya yi ba, kashewa aka yi, har sai abin ya lafa. An hana hawa babur. Malam ya ce kwana biyu ne.

Juma'a, hantsi

Rabi maƙwabciyata ta shigo aron turmi, alhali tana da nata. Mijinta Namadi ya kai albasa kasuwar ƙauye ranar Litinin, har yau bai dawo ba. Ta zauna ta ce in karanta mata littafin da na fara mata rannan. Na karanta har inda jarumin ya dawo cikin ruwan sama. Ta ce in sake wurin. Na sake.

Ta tafi ba ta ɗauki turmin ba.

Lahadi, bayan azahar

An rufe makarantar su Malam. Akwai mutane a azuzuwan, da tabarmi da awaki. Ba zan rubuta wannan ba.

Abin da zan rubuta: na yi wa tagwayena suna, Hassan da Husaini mana, sai wa. Baƙon kuma na bar shi babu suna, ya fi daɗi. Na gaya wa Malam ina murna. Ya ce uhum. Kwamfutarsa tana cikin jaka tun ranar Alhamis. Motoci ba sa fita ta Zagga, ba sa fita ta ko'ina. Na ce ai sabis zai dawo kafin ranar. Ya ce in miƙo masa buta.

Lemukan suna nan kan taga inda ya bar su. Sun fara yamushewa. Gyaɗar ɓera ya ɗauke.

Litinin, da safe

Babu sabis.

Talata, bayan azahar

Gwaggo Saratu, ƙanwar babansa, ta zo da mayafinta a kafaɗa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wagga yarinya wata bakwai ta shiga, kuna zamne kuna kallonta? Na hwari ne hwa. Gidansu za ta, goyon ciki."

Na sunkuyar da kai yadda ya kamata. Amma zuciyata tsalle take. Zan ga Inna. Zan ci kifin banda har in gaji.

Gidanmu yana tsallaken iyaka, ɓangaren Benin, wanda mu nan muke cewa Faranshi. Tunga ce a bakin Kwara. Ta ƙasa ba a zuwa yanzu, amma jiragen ruwa suna tafiya, kuma yayana Attahiru yana da nasa mai inji, yana zuwa ɗaukar kaya.

Malam ya ce haka ya fi. Ya faɗa da sauri ƙwarai. A littafi da sai ya riƙe gefen mayafina.

Alhamis, kafin magariba, a gida

Na iso, na iso, na iso.

Ruwa ya cika maƙil bana, har ya shanye gindin itatuwa. Na zauna kan buhun shinkafa kamar sarauniya, Gwaggo tana riƙe da gefen jirgi tana salati duk lokacin da muka yi tangaɗi. Na tambayi Yaya Attahiru daidai ina iyakar take. Ya ce, "Ga ta can, kusa da waccan agwagwa. A'a, ta tashi da ita."

A wata lanƙwasa ya kashe inji, ya ce kowa ya yi shiru. Muka bi ruwa a hankali ta cikin ciyawa. Daga baya ya tayar. Ba wanda ya yi tambaya.

Inna ta rame kaɗan, bakinta dai yana nan. Baba yana zaure inda na bar shi, ƙafarsa mai ciwo a miƙe, taru a cinyarsa yana ɗinki. Tun shekarar babbar ambaliya bai taka gona ba, bai shiga jirgi ba, daga zaure sai masallacin ƙofar gida. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, na lulluɓe har ƙasa. Ya ce, "An zo lahiya?" yana duban taru. Bai tambayi wanda na baro ba, ni ma ban ambata ba. Haka ake yi.

Malam ya raka mu har bakin ruwa. Ya sa mini lemun tsami ɗaya a jaka, wai saboda tashin zuciya. Ɗaya daga cikin tagwayen ne. Ya raba su bai sani ba.

Juma'a, la'asar

Sai na rubuta wannan yanzu-yanzu.

Akwai sabis a gidan nan. Na Faranshi. A ɗaki babu, a tsakar gida sai an yi sa'a, amma a kan soron zauren Baba cike yake, don duk tungar babu gini mai tsayinsa. Ashe har samari suna roƙon hawa. Na sa tsohon layina na nan, Yaya ya hau da wayar, sai ga shi yana leƙo ni yana cewa har bidiyo tana buɗewa ba tsayawa.

Lambar Farfesa tana wayata tun wata rana da Malam ya ara. Na ce Yaya ya kira. Ya ce shi da Farfesa mi za su ce wa juna, farashin tarwaɗa? Ya kira dai. Farfesa ya ce yana ta neman Malam bai samu ba. Ya ce ranar tana nan, ba za ta matsa ba, malamar ƙasar waje ba ta da wata. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe. In Malam ya bayyana, to. In bai bayyana ba, shi babu abin da zai iya.

Zai bayyana. Gobe Yaya zai koma ɗaukar kaya, na ba shi saƙo. Wannan shi ne babin da komai yake juyawa, na san shi, na sha karanta irinsa.

Lahadi, bayan la'asar

Ya ce a'a.

Yaya ya dawo yana dariya, ni ban ga abin dariya ba. "Mijinki ya ce a gode maki. Ya ce shi ya hau bisa kan surukinai, tsoho na ƙasa zamne, shi yana bisa yana ɗaga murya da Turanci? Ya ce gara digirin ya nutse."

Na ce to a kai shi babban gari, inda ake da shagunan kwamfuta. Yaya ya ce baƙon da ya fito daga ɓangaren Bagudo yanzu ba ya wuce shingen farko. A tunga kawai yake da inuwa, don surukinmu ne.

To a roƙi Baba ya ɗan tashi daga zauren na rabin yini? Yaya ya dube ni. "Ke za ki ce mai? Ni dai ban iya ce ma Baba tashi daga zaurenka." Ni kuwa da wannan cikin, ko sunan Malam ba zan iya furtawa a gaban Baba ba, balle in ce ga bukatarsa.

Na san Malam. Ranar ɗaurin aurenmu aka ce ya hango Baba daga nesa ya cire takalmi tun daga bakin rijiya. Bai taɓa shan ko ruwa a gidan nan ba. Dama abin da ya sa Baba yake son sa ke nan.

Na ce Yaya ya koma ya ce masa baƙo ba ya zama sai gidan da ke rawar jiki, kuma ga shi duk muna rawar jiki. Ya ce shi albasa yake ɗauka, ba tatsuniya ba.

Na yi kuka a bayan rumbu. Ba hawaye ɗaya ba.

Litinin, hantsi

Inna ce. Inna ce duk duniya.

Muna gyaran kifi da safe, ta ce in matso da kwaryar nan inuwa. Inuwar kuwa ta bangon zaure ce, inda ƙaramar taga take. Ta ce, da murya fiye da yadda ake bukata, "Ke da ba ki rabo da littahi, ba ni labari in ji, hannuna na aiki."

Na gane. Na fara. Na ce akwai wasu tagwaye ƙanana, ido ba ya ganinsu, a ɗaure da juna. Na ba ta baƙon da ke zuwa ya gudu, da tseren, da masu nauyin jiki da ba sa kama shi. Inna ta ce, "Awa Gwaggonki Rahma, kahin ta tashi baƙo ya kai gida." Muka yi dariya. Sai na ce akwai wani mutum, wani dai, da ya shekara da shekaru yana lissafin wannan tsere. Jibi manyan malamai za su saurare shi ta waya. In ba su ji shi ba, shi ke nan har abada. Kuma duk ƙasar nan babu inda za su ji shi sai wani wuri mai tsayi.

Inna ta ce, "Allah sarki. Wane mutum ne haka?"

Na ce a littafi ne.

A cikin zaure, ƙarar zaren taru da ke shiga yana fita ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sai Baba ya yi tari, ta ci gaba.

Inna ta wanke hannu ta kira Yaya. "Tahi ka ce ma mutanen Bagudo, haka aka yi? An kawo muna ɗiya babu itacen wanka? Wanda nauyin ke kansa shi zo da shi da kainai, gobe." Ta ɗan tsaya. "Kuma shi taho da jakarshi ta aiki, kada gara ta ci."

Itacen wankan jego haƙƙin miji ne, ba ya iya cewa a'a. Saura wata biyu a bukace shi, amma wa zai yi wa Inna gardama.

Talata, kafin magariba

Ya zo. Jirgi cike da itace, shi a kai kamar wani buhu, rungume da jaka.

Na leƙa ta hudar zana. Ya rame. Ya cire takalmi tun daga bakin rijiya, ya durƙusa a ƙofar zaure, gaisuwa ta yi tsawo har na gaji da tsayuwa. Ina gajiya, ina ruwa, ina mutanen gida, ina abin da ya samu. Baba ya ce Allah shi kyauta, suka ce amin tare.

Yaya ya ce, "Baba, baƙo zai hau bisa gobe shi yi waya."

Baba ya ce, "Soro na kowa na."

Shi ke nan. Bai ce zai tashi ba. Malam ya tafi kwana gidan Yaya. An kai batirin sola caji. Na goge farar shaddar da dutsen guga na gawayi, ban ƙona ko'ina ba.

Laraba, da safe

Ba na iya cin komai. Inna ta ce in zauna, ina sa ta jiri.

Laraba, bayan la'asar

Bari in bi shi daki-daki, kada in tsallake.

Ya hau tsani a sunkuye, ba takalmi, kamar mai shiga makabarta. Yaya ya bi shi da batir da tabarmar da zai riƙe masa don rana. Baba yana ƙasa, daidai ƙarƙashinsu, da tarunsa. Ni ina ƙofar ɗakin Inna, daga nan ina hango hular Malam.

Sai na ji muryoyi daga kwamfuta. Farfesa, wani namiji, sai macen. Sun gaisa. Aka ce ya fara.

Ya fara. Na ga hular tana motsi, amma ban ji komai ba. Raɗa yake yi. Mutumin da in yana koyarwa ana jin sa daga bakin titi.

Turancina na sakandare ya isa in gane abin da macen ta ce: ba ma jin ka. Ya ƙara kaɗan, kamar mai gaya wa jinjiri magana. Ta sake cewa ba sa ji. Namijin ya ce ko na'urar ce ta lalace. Farfesa ya koma Hausa, muryarsa har tsakar gida: "Muhsin, ɗaga murya mana. Lokaci yana tafiya. In ba a ji ka ba, ba abin da zan rubuta."

Na ciji mayafina. Na ga Yaya yana zungurinsa da ƙafa. Na ga hular ta sunkuya, tana duban ƙasa, inda Baba yake. Na san ba zai iya ba. Ba taurin kai ba ne, kunyar suruki ce. Na ce a raina shi ke nan, baƙo ya gudu.

Sai Baba ya ce, "Tasallah."

Inna ta ce, "Na'am."

"Miƙo man kalmena." Da ƙarfi ya faɗa, fuskarsa tana duban rufi. "Na tahi gona. Ba ni dawowa sai azahar ta wuce. Kowa ya zo nemana, a ce ba ni nan."

Inna ko gira ba ta ɗaga ba. Ta shiga bayan rumbu ta zaro kalmen, wata fartanya da tsatsa ta cinye, ta kai masa. Muka ji sandarsa, ƙwas, ƙwas, da jan ƙafar, ya fita ta ƙofar zaure. Ya daɗe yana fita, don kowa ya ji.

Sai muryar Malam ta tashi.

Ban taɓa jin ta haka ba. Kaji suka watse. Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga. Yana zuba Turanci kamar ruwan Agusta, ni kuwa ina tsintar abin da na sani a ciki: ga haidirojin, ga ilektiron, ga inda suke rawar jiki, ga inda suke juyawa. Na ce wa Inna, yanzu baƙo ya manne. Yanzu sun fara rabuwa. Ta ce in yi mata shiru tana saurare, ita da ko kalma ɗaya ba ta ji.

Na zagaya bayan gida don abin da masu irin halina ba sa iya riƙewa. A nan na gani. Bayan zana, gefen turken awaki, inda bangon zaure ya yi inuwa: diddigen Baba, da sandarsa a jingine, da fartanyar a kan cinya. Yana zaune kan turmin da aka kife, kansa a karkace, kunnensa yana sama. Akuya tana cin gefen rigarsa bai kore ta ba.

Na koma da baya a hankali. Ban gan shi ba. Yana gona.

Sun yi masa tambayoyi. Sau ɗaya sabis ya ɗauke, na ji Yaya yana cewa innalillahi, sai ya dawo. Macen ta yi wata doguwar tambaya, na ji Malam ya yi 'yar dariya kafin ya amsa, na ce wa Inna wallahi lemun zaƙi ta tambaya, masu nauyin nan. Daga baya ya ce haka ne.

Aka ce ya jira su yi shawara. Wannan jiran ban san tsawonsa ba. Sai muryar Farfesa, da Hausa kuma, ina jin don mu ya yi: "Akwai gyare-gyare kaɗan. Amma barka, Dakta."

Yaya ya saki tabarma iska ta ɗauke ta. Inna ta rangaɗa guɗa ɗaya ta kama bakinta. Malam bai waigo ba, yana can ya kifa goshi a kan soro. Majinar kuwa ta zo, kamar yadda na faɗa.

Bayan azahar muka ji ƙwas, ƙwas. Baba ya shigo ta ƙofar zaure, ya miƙa wa Inna fartanya ko ƙurar ƙasa babu, ya ce gona ta yi kyau bana. Inna ta ce, "Da kalme aka girbi yanzu?" Ya ce ta kawo mai ruwa.

Alhamis, hantsi

Jirgi ya tafi.

Da safe Baba ya kira Yaya, ina jin su ta taga. Ya ce, "Jiya a gona wani tunani ya zo man. Tambayo man baƙonka. Tagwayen ga, wanda ya tahi da goyo mun ji nashi. Shi ɗayan hwa, da anka bari shi kaɗai? Yana sake samun ɗan'uwa?"

Yaya ya je ya dawo, tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba, Malam yana tsugune a waje yana jin komai. "Ya ce yana samu, Baba. Ba lalle na hwarko ba. Yana ta yawo cikin tukunyar injin da anka zuba su har shi kai jikin bango, nan suka haɗuwa da wani. Kuma wai in sun taso daga bangon, sau da yawa da rawar jiki suka tasowa."

Baba ya ce, "To, madalla." Zare ya ci gaba da shiga yana fita.

Ba a sallama tsakanin miji da mata a gidan surukai, kowa ya sani. Na je shanya a bayan gida. Sai na ji an taɓa zana daga waje.

"Munawwara."

Na ce, "Dakta."

Ya ce in bari. Ina jin murmushin ta cikin karan.

Na tambayi Rabi. Ya ce tana gaishe ni, ta ce in ajiye mata littafin, kada in ƙarasa ba ita. Na tambayi labarin mijinta Namadi. Sai kawai na ga inuwarsa tana gyara hula. Na ce to ya zauna mana, ko sati ɗaya, gidan Yaya da wuri. Ya ce mutanen da ke azuzuwa suna da yara, ya fara koya musu karatu a gindin darbejiya, ya ce musu zai dawo Asabar.

Na zaro lemun daga ƙugun zanena, ya bushe ya yi tauri kamar goro. Na tura ta hudar zana, na ce ya mayar wa ɗan'uwansa. Ya karɓa. Yatsunsa suka tarar da nawa a cikin hudar, suka tsaya.

Inji ya tashi a bakin ruwa, Yaya yana kira. Daga zaure Baba ya yi tari, ya ce, da ƙarfi, ba da kowa ba, "Tasallah, ina jin yau ma gona za ni."

Yatsun ba su tafi ba sai da Yaya ya sake kira.